Za mu sake fitar da littafin Baba: wace kalmar Turanci ce ta dace a bango?

Ɗan Zango Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu Turanci a cikinku nake nema su raba mana gardama, don ni da ƙanwata kowa ya ja tunga, mai buga mana littafi kuma yana can Shomolu yana jiran amsa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ne ya kawo shi Ikko, ya zauna a Agege har ƙarshen rayuwarsa. A 1987 ya rubuta wani ɗan littafi mai shafi 48 na koya wa Bahaushe Yarbancin kasuwa: gaisuwa, ƙirga, tayi da sallamawa, tambayar hanya, da yadda za ka ba da haƙuri in ka taka wa wata kayanta. Hausa a hagu, Yarbanci a dama, ɗan Turanci a ƙasa. Da tafireta aka rubuta shi, kuma da yake tafiretar ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, da biro Baba ya bi ya lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya, haka ma ɗige-ɗigen da ke ƙarƙashin baƙaƙen Yarbanci. Wani mai inji a Mushin ya buga masa, aka riƙa sayarwa a bakin masallaci ran Juma'a da inda manyan motocin arewa ke sauke kaya. Ya kuma ɗauki muryarsa a kaset yana karanta shi, saboda Yarbanci in ba ka ji hawa da saukar muryar ba, kalma ɗaya sai ta kai ka inda ba ka nufa ba.

Littafin ya ƙare a kasuwa tun ina yaro. Kwafi biyu suka rage mana a gida, ɗaya ma gara ta ci gefensa. Amma har yau ana tambaya. Yaran da ke biyo motocin tumatir da albasa zuwa Mile 12, masu gadi, masu facin takalmi, sai ka ga mutum ya shekara a Legas bai iya cewa "nawa ne" da Yarbanci ba. Shi ne muka ce mu sake fitar da shi.

To ga inda gizo ke saƙar. Bangon dole a sa Turanci, don ba Hausawa kaɗai ke saya ba. Tun zamanin Baba akwai Yarabawa 'yan kasuwa da ke karanta shi ta ɗaya ɓangaren su koyi Hausa, ga kuma 'ya'yanmu haifaffun nan da Turanci ya fi zama musu a ido. Yaron da ke tsara bangon a kwamfuta ya rubuta RELAUNCH da manyan baƙaƙe ja. Ƙanwata, wadda ta yi jami'a, ta ce a goge a sa "Re-released". Abokina da muke shago ɗaya ya ce ai "Reprint" ake cewa. Ni kuma na sha jin "reissue" a rediyo. Kowa da tasa, kuma kowa ya rantse tasa ce daidai.

Don ku gane lamarin sosai: ƙanwata ta sake buga rubutun gaba ɗaya a kwamfuta, ta gyara kura-kurai, ta canza farashin da ke cikin misalai tunda na Baba duk kwabo-kwabo ne, ta cire molue, tsohuwar doguwar motar hayar Legas, ta sa BRT, bas ɗin zamani, sannan ta ƙara babi guda na yadda ake magana da mai POS da yadda za ka ce "tiransifa bai shigo ba". Babin nan ya yi mini, ba zan ɓoye ba. Cire molue ne dai bai kwanta mini a rai ba.

Tambayoyina: wace kalma ta dace da littafin? Kaset ɗin da muka ba wani yaro a Alaba ya juye mana a memori, shi ma kalmar ɗaya ce? Ana sa ɗan karan ɗorin nan (-) bayan "re" ko ba a sawa? Kuma Turawan su kansu, a hirar yau da kullum, haka suke faɗi ko a jarida kawai ake gani? Ba na so mu buga kwafi dubu mai ilimi ya ɗauka ya yi murmushi.

Maman Hanan, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa littafin nan ya zame masa sadaka mai gudana. Turanci nake koyarwa a wata sakandare a Mushin, bari in faɗi abin da na sani.

Duka huɗun Turanci ne mai kyau, sai dai kowacce da inda take kwana. "Release" asalinsa saki ne, kamar a saki fursuna ko a saki kuɗi, daga nan masu fim da waƙa suka ɗauke shi suka mayar da shi na fito da abu kasuwa. Mu ma ai yanzu cewa muke an saki sabon fim. "Re" kuma ɗafa-goshi ne, aikin "sake" yake yi. Saboda haka "re-release" na nufin abu ya taɓa fitowa, ya yi zamaninsa, mai shi ya sake fito da shi. Kunnen mai Turanci ya fi sabawa da jin sa a kan fim, waƙa, wasan kwamfuta, waya, takalmi. Fim ɗin Titanic ya fito a 1997, aka sake kai shi sinima a 2012 lokacin da jirgin ya cika shekara 100 da nutsewa. Wannan shi ne "re-release" tsantsa. In ka sa shi a kan littafi za a fahimce ka, ba wanda zai kama ka, amma masu harkar littafi suna da nasu kalmomin, kuma su za su fara lura.

"Reissue" ya fi kusa da ku. Ana faɗinsa ga littafi, ga faifan garmaho, ga takardun hukuma. Duk wanda ya je sabunta fasfo ya gan shi a fom, haka in katin ATM ɗinka ya ɓace banki ya ba ka wani. A wajen masu faifai ma shi ne kalmar gida: da kamfanin Knitting Factory na Amurka ya sake fitar da tsofaffin faya-fayan Fela, "reissue" masu sayarwa ke kiran su. A littafi yana nufin abin ya ɓace daga kasuwa an dawo da shi, sau da yawa da sabon bango ko sabuwar gabatarwa, amma ainihin rubutun yana nan yadda marubucin ya bar shi.

"Reprint" ya fi shi ƙunci. Injin kawai aka sake kunnawa, ba a taɓa komai ba, ko an taɓa ma bai wuce gyaran harafi ɗaya biyu ba. Abokinka da ya yi gaskiya in da hoton tsohon littafin kuka ɗauka kuka buga.

"Relaunch" kuwa, Malam, ka goge shi tun kafin ya jawo maka baƙi. Kalmar 'yan talla ce, ta kayan da kasuwarsu ta yi sanyi aka sake musu kwali da waƙar rediyo. A Najeriya kuma da ka ce "launch" a kan littafi, abin da zai zo wa mutane shi ne rumfa da kujeru da babban mai ƙaddamarwa da zai sayi kwafi ɗaya a kan miliyan. Za a yi ta kiranka ana tambayar rana da wuri.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci. Yadda ka bayyana aikin ƙanwarka, kun wuce duka waɗannan. Wanda ya canza misalai ya ƙara babi, sabon bugu ya yi, kuma Turancinsa suna ne ba aikatau ba: "Revised Edition", ko "Second Edition". Kalmar tana bin abin da aka yi wa littafin ne, ba abin da ya fi daɗi a kunne ba.

Maganar karan ɗori: jaridun Ingila sun fi rubuta "re-release" da shi, saboda in ka haɗe sai ido ya ga "rere" ya tsaya. Ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka kuma a haɗe yake kawo shi. Mu da muke bin tsarin Ingila a makaranta, sa karan ya fi. "Reissue" da "reprint" ba sa buƙatarsa. Kada dai a raina ɗan karan nan, don akwai inda yake juya magana gaba ɗaya: ɗan ƙwallo in ya yi "re-sign" ya sake sa hannu ke nan zai zauna, in ya yi "resign" ya ajiye aiki.

Kurakurai biyu da nake yawan jan layi a kansu da jan biro: ƙara "again" bayan kalmar, alhali "re" ya riga ya yi wannan aikin, da kuma rubuta "the book has reissued", sai ka ce littafin ne ya fitar da kansa. "Has been reissued" ake cewa.

A hira kuwa, gaskiya ba kowa ke ɗauko waɗannan ba. Mutum zai ce wa abokinsa "they brought it back" ko "it's out again". Littafin da ya ƙare a kasuwa "out of print" ne, in ya dawo a ce "back in print". Wannan na ƙarshe zai yi maka kyau sosai a sitatus ɗin WhatsApp, gajere ne kuma ba wanda zai yi masa gyara.

Mai Waya Otigba:

Oga, Allah ya jiƙan tsoho. Malama ta yi bayanin aji, ni bari in kawo na kasuwa, don a Computer Village kalmomin nan kullum a bakinmu suke, wani lokaci ma har da cin kwala.

Nokia 3310 ta fito a 2000. A 2017 kamfanin HMD Global na Finlan, wanda ya karɓi sunan Nokia, ya sake fito da ita a bikin baje kolin wayoyi na Basalona. Jaridu wasu suka ce "re-release", wasu "relaunch". Da kaya suka iso Ikeja dattawa suka yi ta zuwa, kowa na tuna waccan da za ta faɗo daga bene ka ɗauka ka ci gaba da magana. Suna buɗe kwali sai ga wata 'yar siririya mai sikirin kala, da kyamara, da wurin sa memori. Suna ɗaya, fuska ta yi kama, wasan macijin ma yana nan, amma ciki wata waya ce daban. Haka aka yi da 8110 mai kama da ayaba a 2018, haka 3210 ta 1999 da suka dawo da ita a 2024. Don haka ni a wajena, in na ga "re-release" a kan kaya, ba ya ba ni tabbacin cewa abin da na sani da ne a ciki. Sai na buɗe.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: mai kaya ne kaɗai ke yin "re-release". Akwai wani yaro a layinmu, ba zan faɗi shagonsa ba, sai ya tattaro tsofaffin wayoyi ya sake musu kesin da batir ya jera ya ce wa kwastoma kamfani ne ya sake fitarwa. Wannan "refurbished" sunansa in za a faɗi gaskiya, gyararriya. Wadda aka yi amfani da ita a waje "London used" ce ko tokunbo. Wadda aka kwaikwaya kuma kwafi ce ko jabu, duk kyan kwalinta. Akwai kuma kayan da mutane ke zaton dawowa suka yi alhali ba su taɓa tafiya ba. Agogon Casio F-91W tun 1989 ake yin sa ba a daina ba, yayinsa ne kawai ke tafiya yana dawowa.

Amma Malama, a yi mini afuwa, ban yarda a goge "Relaunch" kwata-kwata ba. Mutumin da ke wucewa ta bakin masallaci ba ya tsayawa tantance "edition". Ja da manyan baƙaƙe shi ke tsayar da shi. In bango bai dace ba a sa a fosta mana.

Maman Hanan, Idi-Araba:

Malam Mai Waya, in za su yi taro a kira mutane a ci shinkafa, to a sa a fosta, daidai ne. In ba taro, me aka ƙaddamar? A rubuta "Back in print" da jan ma, zai tsayar da mai wucewa.

Baba Mai Ɗab'i:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da kai da 'yar uwarka. Ba kowane ɗa ke tuna takardun ubansa ba, da yawa masu ƙosai ake ba wa. Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni ina faɗa. A Zariya na koyi aikin ɗab'i, na zo Shomolu na ƙarasa ƙarfina a kan inji, yanzu ido ya ce a huta.

Ku kuna ta faɗa a kan bango, mu kuwa ba nan muke fara dubawa ba. Ka buɗe littafi ka juya shafin suna, bayansa akwai ƙananan rubutu. Nan tarihin littafi yake. Ka samo tsohon littafin Hausa na kamfanin NNPC, na Zariya nake nufi wanda aka kafa a 1966, ba na man fetur ba, ka duba wurin. Za ka ga shekarar bugun farko, sannan shekarun da aka sake bugawa a jere. Naku ma haka za a yi: "First published 1987", a ƙasa a faɗi abin da aka yi bana da shekararsa. Ko me kuka sa a bango, wannan layin kada ya yi ƙarya.

A zamaninmu bambancin a hannu muke jin sa. In filet ɗin da aka yi bugun farko da shi yana nan, ko fim ɗinsa, aka ɗauko aka ɗora a inji, "reprint" ne, kuɗin takarda da tawada kawai za ka biya. In aka sake jera rubutu aka yi sabon filet saboda an canza magana, an shiga sabon bugu. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ita ma haka take bi: sake bugu ba canji, lambar da ce, bugun da aka yi wa gyara na sosai, sabuwar lamba. Ina zaton na Baba ba shi da ita ma, irin waɗannan ƙananan littattafai ba a cika nema musu ba. Hukumar Laburare ta Ƙasa ce ke bayarwa, suna da ofis a Yaba. Da ISBN ɗin lamba 10 ce, daga 2007 ta koma 13. In kun buga kuma doka ta ce ku kai musu kwafi uku su ajiye. Mutane na ganin asara ce, amma da an kai na 1987 da yau ba gara kaɗai kuke dogaro da tausayinta ba.

Yanzu ga tawa shawarar, wadda ba ka tambaya ba. Kada ku goge kwabon Baba da molue ɗinsa. Yarbancin da ke cewa "rage mini" bai canza ba don farashi ya canza, yaro zai gane. Kuma wanda ya karanta ya ga abin da kuɗin mota yake a 1987 ya ƙaru da wani ilimin da ba a yi niyyar ba shi ba. BRT sai a 2008 ta fara, daga Mile 12 zuwa CMS. In kuka sa ta a bakin mutumin da ya yi rubutu shekara 21 kafin nan, kun sa shi faɗin abin da bai gani ba, kuma sunansa ne a bango. Ku bar nasa a nasa. Kuskuren tafireta a gyara, wannan shi ma da yana raye zai gyara. Babin POS da duk abin da 'yar uwarka ta ƙara a kai shi baya a sa sunanta a kai, haƙƙinta ne. In kun yi haka, kalmar da Malama ta ce, "reissue", ta hau daidai. In ma kuna so a ga lanƙwasar biron nan tasa, ku ɗauki hoton shafi ɗaya ko biyu na tsohon ku sa a ciki. Wanda ake ɗaukar hoton littafi dukansa a buga yadda yake "facsimile" sunansa, amma rubutun tafireta da ya sha shekaru zai wahalar da mai koyo.

Abu biyu kuma. Haƙƙin mallakar littafi a dokar Najeriya yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, yana cikin gado ke nan. Ku ba ku biyu kaɗai Baba ya haifa ba, na tabbata. A tara magada a gaya musu, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu tun kuɗi bai shigo ba. Na ga littafin addu'o'i da ya raba 'yan uwa. Na biyu, kada ku ba mai inji rubutun a Word. Ku mayar da shi PDF, ku ce ya fitar muku da gwaji ku karanta shafi-shafi. Kwamfutocin Shomolu da yawa in suka ga ƙ ko ɗ sai su mayar da shi ɗan akwati ko alamar tambaya, kuma yaron da ke kan na'urar ba ya jin Hausa balle ya lura.

Bakatsinen Obalende:

Ni fa abin nan mamaki yake ba ni. Littafin Bahaushe, na koyon Yarbanci, amma an taru ana wahala a kan Turanci. Ku rubuta "Sabon Bugu" da girma, ku nemi malamin Yarbanci ya ba ku tasu kalmar ku sa a ƙasa, shi ke nan. Bature ma bai tsaya a kan kalma ɗaya ba. Lokacin wahalar canjin kuɗi, da Buhari ya ce a dawo da tsohuwar naira 200 a Fabrairun 2023, wata jarida ta ce "reissue" wata ta ce "recirculate". Da aka dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 kuma sai muka ji "reinstate". Mu duk "dawo da" muka ce, kowa ya gane.

Ɗan Zango Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malama, Allah ya ƙara ilimi. Baba, maganarka na karanta wa ƙanwata a waya, ta yi shiru, can ta ce dama ita ma da ta zo kan shafin ƙirga hannunta ya yi nauyi. A nan ne mahaifinmu ya yi bayanin yadda Yarabawa ke ragewa daga sama, 15 su ce ashirin ba biyar, ya ce kada Bahaushe ya tsorata tunda mu ma muna cewa ashirin ba ɗaya. Ta ce wannan ba ta iya taɓawa ba. Mun tsaya a kan a mayar da kwabo da molue, babinta ya koma baya da sunanta. Yayyenmu na Kano da Shagamu kuma zan kira su kafin a kai komai inji.

Ɗan uwa Bakatsine, ban ƙi taka ba, "Sabon Bugu" zai hau sama da girma. Amma masu shagon littattafai na CMS da Yaba da muke so su karɓa su ajiye, Turancin za su duba. Abin da na tsara a ƙasa shi ne: "Reissued with a new chapter". Malama a duba mini.

Saura kaset. Yaron Alaba ya juye, ya rage shuuu ɗin nan da tsohon kaset ke yi, muryar ta fito tas. Shi ya rubuta "Remastered" a jikin fayil ɗin. Ya kuma ce in na ƙara masa kuɗi zai cire carar zakara da hon ɗin mota da ake ji a baya, har ya sa ɗan kiɗa a ƙasa. Kiɗan dai na ce a'a. Wannan kalmar tasa daidai ce, ko shi ma irin na mai RELAUNCH ne?

Maman Hanan, Idi-Araba:

"Reissued with a new chapter" ya yi, ba abin gyarawa. Ka ƙara sunan ƙanwarka bayan "by" in wuri ya isa.

Sautin Ojo:

Yaya, aikina ke nan, a situdiyo nake kusa da Alaba. Yaron bai yi ƙarya ba, amma ya ɗan yi wa kansa kirari. Juye kaset zuwa kwamfuta kawai "digitised" ne. In an bi sautin an rage ƙara, an daidaita ƙarfinsa don kada wani wuri ya yi ƙasa wani ya fashe, to ana iya cewa "remastered", ko da yake masu faifai na gaske daga asalin tef ɗin situdiyo suke yin wannan, ba daga kaset ɗin da ya sha juyawa a rediyo ba. In ya sa kiɗa ko ya sake haɗa sautuka ya shiga "remix". In wani ya zauna ya sake karanta littafin da muryarsa, "re-recorded" ne. Fitar da shi ga jama'a kuma, a nan ne kalmar ƙanwarka ta samu gida: sauti ne, don haka "re-released" ya zauna daram. Ka ga kowa ya samu rabonsa.

Zakara da hon ka bar su. Manhajar da ke cire irin wannan tana cinye wani abu daga muryar mutum, sai ka ji kamar daga cikin rijiya yake magana, kuma a Yarbanci hawa da saukar muryar ne darasin. Ka ce ya ba ka fayil biyu: ɗanyen da ya juye bai taɓa ba, a WAV, da gyararren a MP3. Ɗanyen ka ajiye a wuri biyu, don gobe in an samu wanda ya fi shi iyawa daga shi za a fara. Ka karɓo kaset ɗinka kuma, kada ka bar shi a shagonsa kusa da manyan sifiku, maganaɗisun da ke cikinsu yana lalata tef.

Ka sa ya yanka shi babi-babi, kowane fayil da lambar shafinsa a suna. Mai gadi da ke son gaisuwa kaɗai ba zai zauna yana jan minti arba'in yana nema ba, kuma ƙananan fayil sun fi sauƙin turawa ta WhatsApp ga wanda datarsa ta naira ɗari biyu ce.